Ba Kowace "Lady" Ce Budurwa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da duk ma'aikatan gidan jaridarku, ina roƙon a ɗan ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina. Na so in haɗiye shi kamar yadda na saba, sai abin da na gani a shafinku makon jiya ya hana.

Labari kuka buga na wata mata a kudancin ƙasar nan da ta yi shekaru tana ciyar da marayun unguwarsu, kanun kuma ya fara da "Wata budurwa". Na gyara tabarau na dubi hoton. Baiwar Allah ce furfura har ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali, in ba ta girme ni ba to sa'ata ce, ni kuwa jikokina goma sha ɗaya. A cikin labarin ma an ambaci mijinta da 'ya'yanta. Ban sha wahalar gano inda gizo ke saƙar ba. Daga Turanci aka juyo labarin, kanun Turancin da kalmar lady ya fara, yaronku mai fassara kuma ya saba ganin jaridun intanet na Najeriya suna liƙa wannan kalma ga 'yan mata masu tashe, sai ya ɗauka ma'anarta ke nan ko'ina.

Shekara 31 na yi ina koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata, kuma akwai tsohuwar sanayya tsakanina da wannan kalma. Ranar Lahadi aka haife ni, saboda haka Ladi ake kirana a gida. Duk shekara, ranar da 'yan aji ɗaya suka fara cin karo da lady a littafin karatu, sai wata ta karanta ta "Ladi", ajin ya kwashe da dariya ana satar kallona. Da wannan dariyar nake buɗe darasin, shi ya sa har yau in na haɗu da tsofaffin ɗalibaina a biki, shi suke fara tuna min.

Abin da nake fara gaya musu shi ne asalin kalmar a madafa yake. A tsohon Turanci na sama da shekara dubu da suka wuce, hlaefdige ake cewa. Gaɓar farko daga hlaf take, wato burodi, ta biyun kuma tana nufin mai kwaɓawa. Lady dai ita ce mai kwaɓa burodin gida. Mijinta kuma hlafweard, mai tsaron burodi, wanda bakin mutane ya yi ta gogewa har ya koma lord. To ku duba gidan Bahaushe na da. Maigida ke da rumbu, shi ke fitar da hatsi, uwargida ke aunawa, ta raba aikin daka, ta san kwanon kowa, tun daga na maigida har na almajiri. Duk wanda ya fara fassara lady da uwargida ya yi dace, ko ya san wannan tarihi ko bai sani ba. Kirarin da muke yi mata, uwargida sarautar mata, shi ne ainihin abin da ya faru da kalmar a Ingila: daga kan kwaɓin burodi ta hau har ta zama sarauta.

Sarautar kuwa tana da ƙa'idoji, kuma Turawan Ingila ba sa wasa da su. 'Yar babban basarake, irin masu muƙamin Duke ko Marquess ko Earl, ana kiranta Lady haɗe da sunanta na yanka. Shi ya sa Diana ta zama Lady Diana a 1975, lokacin da mahaifinta ya gaji sarautar Earl Spencer, shekara shida kafin ta auri Yarima Charles. Wannan a Hausa gimbiya ce, ba ja. Amma matar wanda aka ba lambar Sir, ita Lady ce haɗe da sunan mijin, kuma albarkacinsa take ci. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Flora Shaw, 'yar jaridar nan da ta ba da shawarar sunan Najeriya a jaridar The Times a watan Janairun 1897. Da ta auri Lugga a 1902, lokacin yana Babban Kwamishinan Arewa, sai ta koma Lady Lugard. Lambar da ta samu da guminta daban ce, ita ce Dame, wadda aka ba ta a 1918 saboda ɗawainiyar da ta yi da 'yan gudun hijirar Beljiyam a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Haka Lady Kofoworola Ademola ta samu nata laƙabin ta hannun mijinta, Sir Adetokunbo Ademola, ɗan ƙasa na farko da ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, alhali ita da kanta ta yi digiri a Oxford tun zamanin da mace baƙar fata a can abin kallo ce. Wadda duk ta kira irin waɗannan mata budurwa a jarrabawata, sifili take samu da jan biro.

A nan Arewa ma Sardauna da Tafawa Ɓalewa duk sun karɓi lambar Sir, amma tun tasowata ban ji bakin Bahaushe ya kira matansu Lady ba. Dalili a fili yake. Tsarin an gina shi ne a kan miji ɗaya mata ɗaya. Mai mata uku ko huɗu, wace zai ba, wace zai hana, ya kwana lafiya? Mun riga muna da namu: Hajiya, Gwaggo, Inna, kowace da matsayinta.

Wannan ne ya kawo ni kan First Lady, inda nan ma nake da magana da ku. Kusan kullum "uwargidan shugaban ƙasa" ko "uwargidan gwamna" kuke rubutawa, kuma sau da yawa daidai ne. Sai dai uwargida a Hausa tana ɗauke da wani nauyi da kalmar Turancin ba ta da shi: ita ce matar fari, wadda aka yi wa amarya ko ake iya yi mata. First ɗin da ke cikin First Lady kuwa ba lissafin ɗaurin aure ba ne, fifiko ne a kan sauran matan ƙasa wajen taro da karɓar baƙi. A Amurka, inda laƙabin ya yi ƙarfi, an taɓa yin shugaban da bai taɓa aure ba, James Buchanan, wanda ya yi mulki daga 1857 zuwa 1861, kuma 'yar 'yar'uwarsa Harriet Lane ce ta riƙe wannan matsayi a fadarsa. Ita uwargidan wa za mu ce? Mu leƙa maƙwabta kuma. A Nijar, Shugaba Mahamadou Issoufou ya yi shekara goma a kan mulki, daga 2011 zuwa 2021, da mata biyu, Hajiya Aissata da Dakta Malika, kuma dukansu ana kiransu da laƙabin a Faransanci. A Hausa ba yadda za a yi gida ɗaya ya yi uwargida biyu. Idan gwamna yana da mata uku, wadda ke fita taro kuma ita ce ta ukun, kuka rubuta "uwargidan gwamna", to kun yi wa ta cikin gida ƙwacen suna, kuma ku tabbata ta karanta. "Matar gwamna" ko "mai ɗakin gwamna" ba ta cuci kowa ba. A da can ma ba a cika jin ɗuriyar matan shugabanni ba, sai da Maryam Babangida ta fito da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987, matsayin ya zama ofis mai ma'aikata da jerin motoci, duk da cewa kundin tsarin mulki bai san da shi ba. Aisha Buhari ta fara da "matar shugaban ƙasa" a 2015, sai a 2019 ta ce a koma kiranta First Lady. Ita kanta ta ga akwai bambanci tsakanin biyun, bai kamata mai fassara ya kasa gani ba.

Kalmar da ta hau sama haka, daga baya gangarowa ta yi. Da farko matan masu sarauta kaɗai, sai matan masu kuɗi, sai duk macen da ake ganin tana da kamun kai da tarbiyya, har aka wayi gari kowace mace lady ce in ana son a girmama ta. Yau a ƙofar ban ɗakin mata na filin jirgi ma ita ce a rubuce. Mai sharar ofis cleaning lady ce, mai gidan haya landlady. Idan uwa Baturiya ta ce wa 'yarta young lady da kakkausar murya, faɗa ne zai biyo baya, kwatankwacin yadda mu kan ce "ke yarinyar nan, zo nan". Direban tasi a Amurka in ya leƙo ya ce wa mace lady, sau da yawa ba girmamawa ba ce, "ke malama, kauce" yake nufi. Akwai ma lady of the night, wadda Hausa ke kira mace mai zaman kanta.

Ba abin mamaki ba ne a wurina, domin mun yi wa namu kalmomin haka. Ina yarinya, Hajiya sai wadda ta sauke farali, ta dawo da haƙorin Makka ana zuwa yi mata barka. Yanzu ɗan tumatur a kasuwar Tudun Wada, da ya hango leshi da jaka, Hajiya ce, ko Kaduna ba ta taɓa zuwa ba. In ya so ƙarin ciniki ma har Hajjaju. Magajiya fa? A tarihin Daura laƙabin sarauniyoyin da suka mulki garin ne kafin zuwan Bayajidda, har kan Daurama, kuma har gobe sarauta ce mai daraja a masarautu. Amma ka ce "gidan magajiya" a tasha ka ga abin da mutane za su fahimta. Wanda zai juya Magajiya zuwa Turanci dole ya tsaya ya duba wace ake nufi, ta fada ko ta bariki. Abin da nake nema a yi wa lady ke nan.

Wani wurin ma kuskuren ya fi na budurwa haɗari. Kiristoci 'yan Katolika in sun ce Our Lady, Nana Maryamu mahaifiyar Annabi Isa suke nufi, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Babban cocinsu na Kano sunansa Our Lady of Fatima. Wata ɗalibata ta taɓa tambayata, cike da mamaki, me ya haɗa coci da Nana Faɗimatu. Fatima ɗin nan gari ne a ƙasar Fotugal, inda wasu yara uku makiyaya suka ce Maryamu ta bayyana gare su a 1917. A ƙasa irin tamu, inda ƙaramar magana kan zama gobara, wanda zai fassara irin wannan suna gara ya yi tambaya kafin ya danna.

A kotu kuma mu ne muka huta. A Ingila alƙaliyar babbar kotu My Lady ake ce mata, kuma a 2023 da mace ta fara zama shugabar alƙalansu, Sue Carr, sai muƙamin ya koma Lady Chief Justice. A Najeriya lauyoyi sun fi sabawa da My Lord ko mace ce a kan kujera, har da zamanin da Aloma Mukhtar ta zama Alƙaliyar Alƙalai a 2012. Hausa ta ce Mai Shari'a, ta rufe bakin kowa.

Wanda ya fi burge ni cikin masu fassara shi ne duk wanda ya ƙi cewa "matar ƙarfe" a kan Margaret Thatcher. Wata jaridar sojan Tarayyar Sobiyet ce ta laƙaba mata Iron Lady a 1976 da niyyar zambo, tun kafin ta zama firaminista a 1979, ita kuwa ta karɓe abinta ta mayar kirari. "Matar ƙarfe" a kunnen Bahaushe sai ka ce mutum-mutumi a shataletale. Muna da abin da ya dace tun zamanin Sarauniya Amina: mace mai kamar maza, kwari ne babu. Kuma don kada in manta, a Indiya da Ingila kuɓewa ma lady's fingers ake ce mata, wai yatsun mata. Allah Ya sa kada wata rana in buɗe shafinku na girke-girke in ga miyar yatsun budurwa.

Malam Edita, na san aikin jarida gudu ne, kuma na san yaran nan suna juya labari goma kafin azahar. Ba na neman su zama ƙamus. Kafin a rubuta kanu dai a dubi hoton, a karanta labarin har ƙarshe, a tambayi kai: shekarunta nawa, tana da aure, wa ke magana a kanta, da wace murya? In an rasa tabbas, "wata mata" tana nan, ba ta taɓa kunyata kowa ba. Ita kuma baiwar Allahn nan mai ciyar da marayu, tunda labarin yana nan a shafinku na intanet, a taimaka a cire mata budurcin nan a sa "wata dattijuwa". In kuma akwai ɗalibata a cikin masu fassararku, a gaya mata Malama ta gani.

Wassalam.

Taku mai karanta jaridarku kullum,
Tsohuwar malamar Turanci,
Zariya.