Wai ni ce ban sa Allah a gaba ba?

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Don Allah in za ki karanta wasiƙar nan a shirinki kada ki ambaci sunana, a Sabon Gari kowa ya san kowa.

Tun Lahadin da ta wuce ban yi barcin kirki ba. Ana cikin sujadar godiya, bayan an karɓi baiko, sai maigidana ya miƙe gaban jama'a ya yi alkawarin kuɗi don rufin sabon ginin coci. Aka yi ta tafi, mata na guɗa. Ni kuwa ina zaune a layin zumuntar mata da ankona, jikina ya yi sanyi, don na san ba shi da wannan kuɗin. Muna isa gida na buɗe akwati, wayam. Ashe tun da safe ya ɗauka, kafin mu gama cin abincin rana ma ya riga ya kai wa ma'aji. Kuɗin adashena ne, Mama, da na kwasa don rajistar WAEC ta babbar 'yarmu da cikon kuɗin haya.

Ni fa ba baƙuwa ba ce a hanyar Ubangiji. Mahaifina mai bishara ne, a ƙauye ya yi aikinsa har ƙarfinsa ya ƙare, a keke yake zagaya ƙauyuka. A gidanmu ba a kai loma baki sai an yi addu'a, da asuba kuma sai an yi waƙa an karanta Littafi Mai Tsarki kafin kowa ya tafi gona. Tun ina budurwa nake cikin mawaƙa. Zakkata ban taɓa riƙewa ba, ko lokacin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta cinye mana shago muka koma ba mu da ko sisi, abin da na samu na fitar da na Allah. Na faɗa miki wannan ne don ki san wadda ake ce wa ba ta da bangaskiya.

Haka maigidana ya ce min. Da na tambaye shi, ko kunya bai ji ba, sai ya jawo min Matiyu 6:33, wai mu fara biɗan Mulkin Allah, sauran abubuwa za a ƙara mana. Ya kawo labarin gwauruwar nan da ta zuba aninai biyu. Na ce masa gwauruwar nata ta bayar, ba ta buɗe akwatin wani ba. Nan ya hau faɗa a gaban yara, wai kasuwa ta zama gunkina, wai ni Marta ce ta cikin Littafi Mai Tsarki, mai yawan hidima.

Maganar kasuwa kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ni nake riƙe da gidan nan. Da sassafe ina Kasuwar Singa ina saro taliya da man gyaɗa da magi, in biya ɗan adaidaita, in zauna a tebur har magariba. Shi ya sa nake rasa taron mata na tsakiyar mako, ba don raini ba. To shi da yake coci Litinin nazarin Littafi, Laraba addu'a, Juma'a kwanan addu'a, wa yake ciyar da shi in ya dawo? Bai san nawa ake sayar da kwanon masara ba. A waje kowa na cewa mutumin Allah ne, har ana raɗe-raɗin za a zaɓe shi dattijon ikilisiya, ni kuma zuciyata tana gaya min wannan kujerar yake nema da gumina. Ƙaramin ɗanmu ya kwana da zazzaɓi a watan jiya, uban yana wurin addu'ar dare, maƙwabciyarmu Musulma ce ta raka ni kemis.

Na je wurin matar fasto ina kuka. Ta ce in yi haƙuri, in yi biyayya kamar yadda Afisawa 5 ta ce, abin da aka ba Allah ba a karɓowa. Ban yi mata musu ba, babba ce. Amma ai a surar nan ɗin aka ce maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya. Kuma 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da iyalin gidansa ba ya yi musun bangaskiya. Me ya sa ba mai karanta masa wannan? Ko ni ce ban fahimta ba?

Abin da ya fi ci min rai shi ne yarinyar. Ta ji komai. Jiya na ce ta zo mu yi addu'ar dare, ta ce ita ta gaji, in Allah ne ya karɓe kuɗin jarrabawarta to ba ta da abin da za ta ce masa. Yarinyar da take koyar da yara a makarantar Lahadi! Na rasa amsar da zan ba ta, na shiga ɗaki na yi ta hawaye. Mai gidan da muke haya kuma ya aiko tun makon jiya.

Yayata da ke Jos ta ce in kwashe yara in taho, in bar shi da cocinsa. Ba na son yaji, mun yi alkawari a gaban bagade. Wata a kasuwa ta ce in buɗe asusun banki a ɓoye. Shin zunubi ne in ɓoye wa mijina kuɗi? In na je wurin dattawa na ce a dawo min da ko rabi ne, na yi wa Allah ƙwace ke nan? Ni ma ina so ginin ya kammala, da ya tambaye ni da na ba da abin da zan iya da hannuna.

Mama, ki taimake ni. Me zan gaya wa yarinyar nan kafin Lahadi? Ta ce ba za ta je sujada ba.

'Yarki cikin Ubangiji,
daga Sabon Gari, Kano