Idan Likita Ya Ce “Do You Drink?”, Ba Ruwa Yake Nufi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da 'yan uwana malaman Turanci a kan wani abu da ake rainawa, wato yadda ma'anar kalma take sauyawa gwargwadon inda aka faɗe ta, wanda ya kusa shafa wa wani dattijo baƙin fenti a gaban idona.

Kwanakin baya na raka ƙanen mahaifina wani asibiti a nan Jos saboda ciwon da yake damunsa a gefen ciki. Baffa ya yi akawu a wani kamfanin kuza a Bukuru tun yana saurayi, kuma har yau yana alfahari da Turancinsa, don haka tun a bakin ƙofa ya gargaɗe ni kada in yi masa tafinta. Likitar da muka tarar ba ta jin Hausa sosai. Ta tambaye shi ko yana shan taba, ya ce a'a. Sai ta ce, “Do you drink?” Baffa ya gyara zama ya amsa mata cewa sosai ma kuwa, safe da rana da dare, domin an daɗe ana yi masa nasiha ya yawaita shan ruwa. Na ga ta ɗaga kai ta dubi farin gemunsa da carbin da ke hannunsa, sannan ta sunkuya za ta rubuta a kati. Dole na karya alƙawari na ce, “Baffa, giya fa take nufi.” Ya ce, “A'uzu billahi! Yo ai ba ta ce giya ba.”

Gaskiyarsa, ba ta ce ba, kuma ita ma ba ta yi kuskure ba. A Turanci, idan aka bar wannan aikatau na “drink” shi kaɗai babu karɓau, wato ba a ambaci abin da ake sha ba, aka kuma jefa wa baligi tambayar a kan ɗabi'arsa ta yau da kullum, to barasa ake nufi, domin babu mai hankalin da zai tambayi rayayyen mutum ko yana shan ruwa. A Birtaniya ma likita ba ya tsayawa nan, sai ya nemi a faɗa masa adadi, saboda tun 2016 shawarar hukumomin lafiyarsu ita ce kada namiji ko mace su wuce ma'auni 14 na barasa a mako. Amma a wannan asibitin da muka je, da za a taka zuwa sashen yara a ji nas tana tambayar uwar jaririn da yake gudawa, “Is he drinking?”, to nono da ruwa da ruwan gishiri da sukari take nufi, kuma uwar da ta ɗauka an zagi ɗanta ita ce ba ta fahimta ba. Kalmar ba ta sauya ba, asibitin ma bai sauya ba. Shekarun mara lafiya da irin ciwonsa su suka juya ma'anar.

Haka abin yake a kan hanya. Direban da ya tsaya wurin mai shayi a tashar Bauchi Road da asuba don ya kori sanyin Jos, idan jami'in kiyaye haɗurra ya tare shi ya ce, “Have you been drinking?”, ya kuma amsa da e yana tuna kofin shayinsa, to ya yi wa kansa shaidar laifin da bai aikata ba. Wannan siga ta tambaya, musamman daga bakin mai kaki ko daga bakin matar da mijinta ya dawo tsakar dare, tuhuma ce, ba neman labari ba.

Inda abin ya fi rikitarwa shi ne wajen tayi. “Would you like a drink?” a bakin ma'aikaciyar jirgin sama tana nufin duk abin da ke kan kekenta, daga ruwa zuwa shayi zuwa lemo zuwa barasa, zaɓi naka ne. A gidan Bature da hantsi, mai yiwuwa shayi ko kofi yake nufi, amma da almuru, gab da cin abinci, zancen yakan karkata zuwa wani wuri. Idan kuwa abokin aiki a Landan ya ce a je a ɗan taɓa “a drink” bayan an tashi daga ofis, mashaya za a nufa, ko da yake abin da ake gayyatarka a kai shi ne hira da zumunci, kuma babu wanda zai ga baƙonka idan ka nemi lemo ko ka ce ba ka zuwa irin wurin. A can ɗin kuma, wanda ya ce maka “What are you having?” yana sanar da kai ne cewa shi zai biya, tare da sa ran kai ma za ka saya wa jama'a idan zagaye ya zo kanka. Yaranmu da suke cin jarrabawar Turanci ta IELTS su tafi aikin jinya a Ingila sukan san kowace kalma a cikin waɗannan jimloli, amma babu wanda ya taɓa gaya musu cewa wata tayi ce, wata gayyata ce, wata kuma bashi ce da ake sa ran a rama.

Sai kuma Turancin namu na gida, wanda yake da nasa hukuncin. A Ingila “hot drink” shayi ne ko kofi, abin da ake kurɓa da zafinsa. A Najeriya kuwa, a wurin biki ko a shagon gefen titi, wanda ya tambaya ko akwai “hot” barasa mai ƙarfi yake nema, irin su wuski da ogogoro. A gari kamar Jos, inda sanyin Disamba yake sa kowa neman abu mai ɗumi, kuma Musulmi da Kirista suke zama a teburi ɗaya a bikin abokin aiki, ba sai na faɗi irin kunyar da wannan bambanci zai iya jawowa ba. Mu ne kuma muke kiran lemon kwalba “mineral”, alhali Bature idan ya ji kalmar ruwan gora yake tunawa, irin Swan da ake ɗurawa a Kerang. Shi kansa “tea” a bakinmu ya haɗa da Milo da Bournvita, har mai shayi yakan tambaye ka ko da Lipton ko babu, yayin da a arewacin Ingila mutum zai gayyace ka “tea” ka je ka tarar da abincin dare ne. Ni ban ɗauki namu a matsayin kuskure ba. Turancin Najeriya ne, yana biya mana buƙata, sai dai ya kamata yaro ya san inda iyakarsa ta tsaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, bayan shekaru fiye da 20 ina koyarwa a sakandare, shi ne yadda muke gabatar da wannan a matsayin wata wahala ta Turanci, alhali Hausa ta fi shi iya wannan wasa. Kalmar “sha” kaɗai ta isa misali. Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan rake da mangwaro, muna shan iska, muna shan wahala, ƙungiyar ƙwallo ma tana shan kashi. Idan aka ce wa baƙon da ya shigo daga rana, “Ka sha ruwa?”, ƙishirwarsa ake tambaya, amma idan aka faɗi haka bayan magariba a watan azumi, buɗa-baki ake nufi, ko da da dabino da ƙosai mutum ya yi shi. Lebura ya gama sauke kaya ya ce a ba shi na shan ruwa, kowa ya san kuɗi yake so. Idan kuma dattawa suna binciken mai neman aure, wani ya rage murya ya ce, “Yaron nan fa yana ɗan sha,” babu wanda zai ce kunun zaƙi ko zoɓo ake nufi, kamar yadda ba a kiran mai son fura mashayi. Wato abin da likitar nan ta yi wa Baffa da Turanci, shi da kansa ya sha yi wa wasu da Hausa, ya ambaci sha ya haɗiye sunan abin saboda kunya.

Saboda haka roƙona ga malaman Turanci, musamman a makarantun da yawancin ɗalibai da Hausa suke tunani, shi ne mu rage dogaro da jerin kalmomi da ma'anarsu ɗaya tilo da ake haddacewa don WAEC da NECO. A rubuta tambaya ɗaya a allo, a sa ɗalibai su yi ta a matsayin likita, da jami'in hanya, da mai masauki, da ma'aikaciyar jirgi, kowane a ba shi amsar da ta dace da shi. Kafin nan kuma a fara da “Ka sha ruwa?”, domin yaron unguwar Gangare ko Dilimi a nan Jos ya riga ya san bambancin ta watan azumi da ta sauran watanni, ba sai an koya masa ba. Ga ma'aikatan lafiya kuwa, ina ganin babu abin da zai ragu idan suka ambaci barasa da sunanta yayin da suke yi wa dattawanmu tambaya, tunda abin da aka rubuta a kati yana iya sauya irin gwajin da za a yi wa mutum da maganin da za a ba shi.

Baffa ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Da muka koma ganin likita bayan mako biyu, tun kafin ta buɗe baki ya ɗaga gorar ruwansa ya nuna mata.

Naka,
Wani malamin Turanci,
Unguwar Rogo, Jos.