A ba mu labarin ƙauyen Eyam

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk labarin Ingila da kuke kawo mana daga Landan yake farawa, can kuma yake ƙarewa: firaminista, majalisa, gidan sarauta. Roƙona ku leƙa ƙauye, ku fara da Eyam na yankin Derbyshire, mai mutum dubu ɗaya ko ƙasa da haka.

A 1665 aka aiko wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan, ashe akwai ƙuma mai ɗauke da annoba a ciki. Yaron shagonsa, George Viccars, shi ya fara rasuwa. Da abin ya yi tsanani a 1666, limamin coci William Mompesson ya haɗa kai da Thomas Stanley, wanda aka sauke daga wannan muƙami kafin zuwansa, suka shawo kan jama'a kada kowa ya fita, don kada cutar ta bazu. Maƙwabta kan ajiye abinci a bakin iyaka, 'yan garin su zuba kuɗi cikin ramukan wani dutse da aka cika da ruwan khal. Sama da mutum 250 suka mutu, har da matar Mompesson. Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Wanda ya san hadisin da ya hana fita daga garin da annoba ta sauka, jikinsa zai yi sanyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ba soja aka turo ya tsare su ba. Shugabanninsu na cikinsu, tare suka zauna.

A lokacin, coci ke riƙe da al'amuran ƙauye. Dokar 1894 ta miƙa su ga zaɓaɓɓiyar majalisar ƙauye, kuma Eyam na da tata har yau. Ana zaɓen kansilolin irin wannan majalisa duk shekara huɗu, galibi ba albashi, suna kula da filin wasa, bencina da ƙananan hanyoyi ta amfani da ɗan kason harajin gidaje. Kwasar shara ta majalisar gundumar Derbyshire Dales ce, tituna da makarantu na majalisar yankin Derbyshire baki ɗaya, izinin gini kuwa sai hukumar gandun Peak District.

Ku tura wakilinku ya zauna a taron majalisar ƙauyen, inda kowa ke da damar shiga, ya gaya mana yadda manomi ke tambayar kansila inda kuɗi suka tafi.

Naku,
Mai karatu daga Zariya