Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Jigawa Kan Rukunin Jini Da Korona

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu ma'aikatan ɗakin gwajin jini ne a asibitocin karkara. Tun zamanin kulle wata magana ta zauna daram a bakin mutanen ƙauye, wai mai jinin O korona ba ta kama shi. Dattijo mai ciwon suga zai yi kwanaki yana tari, numfashi na sarƙe masa, a ce masa ya zo asibiti ya ce ai shi O ne.

Maganar tana da asali. A watan Yunin 2020 an wallafa wani bincike kan majinyata kusan 2,000 a Italiya da Sifen, ya nuna masu rukunin A sun fi faɗawa matsanancin ciwo, masu O kuma haɗarinsu ya ɗan ragu. Sai dai a 2021 aka duba mutum sama da 100,000 a Amurka, ba a ga wata alaƙa ba. Kusan rabin 'yan Najeriya O ne, kuma hakan bai hana mace-macen da aka yi a Kano a Afrilun 2020 ba. Tsufa, suga, hawan jini da ƙiba su suka fi kai mutum ƙasa.

Abin da ya fi damun mu shi ne yawancin masu cewa "ni O ne" ba su da tabbas. Wasu gwajin sikila aka yi musu kafin aure, suka cakuɗa shi da gwajin rukunin jini. Wasu kuma gwajin ne bai yi kyau ba. Ruwan magani uku ake ɗigawa a kan farar tayil: anti-A shuɗi, anti-B rawaya, anti-D marar launi. Ɗigon jini ɗaya ga kowanne, a juya da tsinke daban-daban, a karanta cikin minti biyu: inda jinin ya dunƙule shi ke nuna rukuninsa, in bai dunƙule da anti-A ko anti-B ba kuwa, O ne. Idan aka wuce haka, musamman da hunturu, gefen jinin yakan bushe ya yi kama da ya dunƙule. Ruwan maganin kuwa sai a sanyin digiri 2 zuwa 8. In firji ya kwana babu wuta a zafin bazara ƙarfinsa na raguwa, jinin A ko B ya ƙi dunƙulewa, sai a rubuta wa mutum O alhali ba haka ba ne.

Don haka muke roƙon ka, ranka ya daɗe, a sama wa ɗakunan gwaji firji mai aiki da hasken rana, a kuma wajabta gwada ruwan maganin kowace safiya da jinin da aka riga aka san rukuninsa. A yi wa kowace mai ciki gwajin tun awon farko, domin mai Rh nagetif (wadda jininta bai dunƙule da anti-D ba) da ta haifi jariri mai fozitif tana bukatar allurar anti-D, mai kare jariran da za ta haifa nan gaba, cikin awa 72. Sannan a sa likitoci su warware wannan magana a gidan rediyo da Hausa, a isar da ita ga dagatai da limamai su maimaita ranar Juma'a.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wasu ma'aikatan ɗakin gwajin jini, Jihar Jigawa