Maganar struct: a .h ko a .c?

Salam ƴan uwa, barkanmu da dare. Kan gardamar da muka yi jiya a Samaru bayan la'asar, wai ina ya kamata mu riƙa ajiye struct (tsarin da ke haɗa bayanai daban-daban ƙarƙashin suna ɗaya) a aikin nan namu na yaren kwamfuta C: a heda (.h), fayil ɗin da sauran fayiloli ke jawowa, ko a .c inda ainihin kod yake.

Ni dai ga yadda nake so mu yi daga yau. In fayil biyu ko fiye suna buƙatar taɓa abin da ke cikin struct ɗin, ko za su yi sizeof a kansa (wato auna girmansa), to dole cikakken bayaninsa ya zauna a .h, don kwamfaila (manhajar da ke fassara kod zuwa yaren na'ura) ba ta sanin girmansa sai ta ga cikinsa. Amma in fayil ɗaya ne kawai ke aiki da shi don Allah ku bar shi a .c, a heda ku sa sunan kawai kamar struct dalibi. Sauran fayilolin su riƙa yawo da foyinta (adireshin inda struct ɗin yake a memori) suna kiran fankishin da ke cikin wancan .c ɗin. Kusan haka muke yi da FILE na stdio.h ai, fopen mai buɗe fayil ta miƙo maka foyinta, ba ruwanka da cikinsa.

Wallahi abin da ya dame ni, satin da ya wuce an ƙara abu ɗaya tak a struct na heda sai duk fayilolin da suka jawo ta suka koma kwamfail daga farko, ga ba wuta, cajin laftof saura kaɗan, sannan ashe wani fayil yana canza lambar rajistar ɗalibi da ke cikin struct ɗin kai tsaye, muka raba dare muna neman matsalar.

Kuma kar a manta #ifndef a kowace heda, don kar a jawo abin da ke cikinta sau biyu a fayil ɗaya. Wanda bai gane ba ya taɓo ni kafin Asabar.