Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Tawa: a ba wasan kwaikwayon gida dare ɗaya a mako

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne daga unguwannin Tawa, samarin fadojin hira da matan gida da ƴan lakwal, har da dattawa kaɗan. Abin da ya haɗa mu shi ne son wasan kwaikwayo, kuma a kansa muka kawo kuka gabanka.

Duk wanda ya zaga gari bayan sallar isha'i ya san halin da ake ciki. Inda akwai tele an kewaye ta, inda babu an haɗa kai a kan waya ɗaya, ana bin shirye-shiryen Kano masu dogon zango ta Arewa24 da YouTube. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar shiri, har maƙwabta sai sun ji salati. Washegari a kasuwa da wurin mai shayi gardamar kenan: wace ce ta ci amanar wa, me ya sa aka ja labari har ya gundure mutane, wa ya fi iya ban dariya tun bayan rasuwar Rabilu Musa Ibro a 2014. Ba mu ƙin waɗannan shirye-shirye, ranka ya daɗe. Harshenmu ne, addininmu ne, kuma mutanen Kano ƴan uwanmu ne.

A cikin irin wannan gardama ce maganar ta taso. Ana muhawara a wata fada kan Ali Nuhu, wasu na cewa ya fi dacewa da fitowa a saurayi kamar da, wasu na cewa sai da ya fara fitowa a uba aka san gwanintarsa. Sai wani dattijo ya ce mu bar wannan, mu dubi hanyar da ya bi. Ya fara tun ƙarshen shekarun 1990, ya yi fim a Kano ya yi a Legas, ya koma mai ba da umarni, ya raini yara da yawa, har a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban hukumar fina-finai ta Najeriya. Dattijon ya tambaye mu: da a Tawa aka haife shi, a wane dandali zai fara? Babu wanda ya iya amsawa.

Abin ya yi mana ciwo don mun san garin nan ba baƙon wannan sana'a ba ne. Marigayi Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa harsashin silima a Afirka, a nan ya zauna shekaru masu yawa, a nan yake da masaukin baƙi da ɗakin aikinsa. Tun 1962 ya yi fim mai suna Aure. Ya yi Kokawa, inda ya ɗinka ƴan tsanan kwaɗi da hawainiya da hannunsa ya sa su kokawa a fili kamar ƴan Adar. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015, kuma a 2017 wani babban gidan adana kayan fasaha a birnin New York na Amurka ya ware kwanaki yana nuna ayyukansa. Mun tambayi junanmu, mu da muke kwana kan labarin jaruman Kano, wa ya taɓa ganin fim ɗinsa ko ɗaya. Sai dattawan nan kawai. Wallahi mun ji kunya.

Su ne kuma suka ba mu labarin zamanin Samariya, wato ƙungiyoyin matasa na da, lokacin da kowace unguwa ke da ƴan wasanta, ana gasa tsakanin jihohi, ana jiran Yazi Dogo da ƙungiyarsa a Tele Sahel kamar yadda muke jiran shirin mako a yau. An yi dariya, an kuma gyara hali a ciki.

Yau ma akwai yara masu baiwa. Suna ɗaukar gajerun barkwanci da waya a lungu, su watsa a TikTok da Facebook, wani ya yi kyau, wani kuma abin Allah wadai ne, don babu babba a kansu. Da yawansu sun daina magana da bakinsu. Yaron da ya tashi yana cewa "tahi" da "wanga" da "mi", da zarar an kunna kamara sai ya karya harshe ya koma Bakano, yana ganin Adaranci ƙauyanci ne. Wannan ya fi komai damun mu. Labaranmu ma babu mai ba da su: matar da mijinta ya tafi cin rani Abijan ko Libiya ta shekara uku tana jiran kira, manomin albasar Galmi da farashi ya karye masa bayan ya ci bashi, makiyayi da manomi a bakin rijiya, ɗan kokawa da ya faɗi a gaban garinsu. Kano ba za ta rubuta mana waɗannan ba, kuma ba laifinta ba ne.

Saboda haka muke roƙon ka sa baki wurin hukumar birni da masu kula da al'adu na jiha, a ware dare ɗaya a mako a gidan al'adu na Albarka Tchibaou domin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni, ba tare da kuɗin haya ba, ko da ragi mai yawa. Yaran da muke magana a kansu haɗa jika biyar ma aiki ne a wurinsu. Muna kuma fatan ka yi magana da gidajen rediyon gari su ba wasan da ya yi fice ko rabin awa ne, don mutanen karkara su ji. Sannan kowace shekara a watan Maris a kafa majigi a fili a nuna fina-finan Moustapha Alassane kyauta, da izinin iyalansa da masu haƙƙin ayyukan.

Mun san malamai da iyaye za su yi tambaya, kuma suna da gaskiya, don mu ma akwai rawa da shigar da ba ma son ƙannenmu su gani. Shi ya sa muka zo ƙofarka maimakon mu yi gaban kanmu. Ka naɗa dattawa biyu ko uku, da malami a cikinsu da uwa mace, su riƙa jin labarin kowane wasa kafin a hau dandali. A fara bayan isha'i, a tashi kafin ƙarfe goma da rabi, mata da yara da wurin zamansu daban. Shara da jera kujeru da tsaron ƙofa mun ɗauka a wuyanmu. A gwada mu wata uku; idan aka ga ɓarna, kai da kanka ka rufe.

Mun haɗa wannan takarda da sa hannunmu da dangwalen waɗanda ba su rubutu, unguwa unguwa. Duk ranar da ka ga dama ka kira mu fada, za mu zo da ɗaya daga cikin ƙungiyoyin yaran su yi ɗan gajeren wasa a gabanka da ƴan majalisarka, ka gani da idonka kafin ka yanke hukunci.

Allah ya taimaki Sarki, ya zaunar da Adar da Nijar lafiya.

Naka masu biyayya,
Masu son wasan kwaikwayo na unguwannin Tawa