Wiskin Arha Da Ake Sayarwa A Kaduna, Jama'a Ku Kula

Malam Edita, barka da aiki. Na san wasu za su ce me ya kawo maganar giya a jaridar Hausa, ga Musulmi haramun ce kuma ina girmama hakan, ba wanda nake kira ya sha. Amma fa mu nan kudancin garin Kaduna, Barnawa, Narayi, Sabon Tasha, Kakuri har Television, Hausa muke yi a gida da coci da kasuwa, kuma akwai masu sha, shirun da ake yi bai hana kowa saye ba. Na daɗe ina aiki a mashayar otal kafin na bari, shi ya sa abin da nake gani yanzu yake damuna sosai.

Yaran yanzu da sun ɗan samu kuɗi sai ka ji suna neman singil molt, wato wiskin sha'ir zalla na masana'anta ɗaya, mai sauƙin kuɗi, za a yi biki ko za a kai wa suruki ko oga tsarabar Kirsimeti, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 farashin na gaskiya ya yi sama, sai masu jabu suka samu kasuwa. Wani zai jawo ka bayan shago ya fito da kwalbar singil molt ɗin Glenfiddich mai shekara 12 a kwalinta, ya ce ta ɓarauniyar hanya ta shigo shi ya sa ta yi arha, kuɗin ma bai kai na gaurayayyen wiski mai sauƙin kuɗi irin Red Label ba. Toh dan Allah a tsaya a yi tunani.

Dokar Birtaniya ta 2009 ta fayyace abin da za a rubuta wa Single Malt Scotch Whisky a jikin kwalba. Sha'ir zalla da ruwa, a jiƙa sha'ir ɗin ya tsira kamar yadda matan ƙauyenmu ke jiƙa dawa kafin su dafa burkutu, a tace a tukwanen jan ƙarfe a masana'anta guda ɗaya ba gauraye da na wani wuri, sannan a zuba a gangar katako ta kwana aƙalla shekara 3 a cikin Sikotland, ƙarfinsa kar ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Tun 2012 ma dole a can za a ɗura shi a kwalba, don haka duk wanda ya ce maka a ganga aka kawo aka ɗura a Legas ko Kwatano ƙarya yake yi. Lambar 12 ɗin nan kuma tana nufin mafi ƙarancin shekaru a cikin abin da ke kwalbar, kuma duk shekara wajen kashi 2 cikin ɗari na ganga yana bin iska. Mutum ya ajiye kaya shekara 12 yana raguwa, a biya jirgin ruwa, a biya kwastan, a sayi dala, dila ya ɗora nasa, mai shago ya ɗora nasa, ta ina zai zo hannunka a kuɗin banza?

Abin da mutane ba su sani ba, kwalbar sau da yawa ta gaskiya ce. Da idona na sha ganin masu zuwa bayan otal da safe da buhu, ba ruwansu da kwalbar lemo ko ta biya, ta wiski mai tsada suke nema, in da kwali da murfi kuɗin ya fi yawa. Su wanke, su ɗura sifirit da ruwa da kala, su liƙe baki da leda mai ƙanƙancewa in ta ji zafi. Kala ba hujja ba ce, ko na gaskiyar ma doka ta yarda a sa masa kalar karamel. A ƙarshen 2023 NAFDAC ta kai samame kasuwar Cemetery da ke Aba ta rufe shaguna masu yawa da ake haɗa irin wannan kaya, kuma motocin da ke kawo mana kaya daga kudu ba sa tambayar me ke cikin kwali.

Asarar kuɗi ita ce ƙarama. In sifirit ɗin akwai metanol a ciki, irin na masu fenti da injiniyoyi, mutum zai sha ya kwanta lafiya ƙalau, sai bayan awa 12 zuwa 24 ciwon kai da amai da ciwon ciki su taso, ido ya fara ganin hazo-hazo, daga nan makanta ko mutuwa. A 2015 haka aka yi a Ode-Irele ta jihar Ondo, sannan a jihar Ribas mutane gommai suka mutu bayan shan giyar gargajiya ta ogogoro mai guba. Duk wanda ya ga ɗan'uwansa a wannan hali kar a tsaya ba shi madara ko manja, a ruga da shi asibitin Barau Dikko ko asibitin 44, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha ko da kunya, in da ragowar kwalbar a tafi da ita.

Ga wanda ya ce shi fa sai ya saya, shawarata ya daina bin babban suna da babbar lamba. Akwai na gaskiya masu ɗan dama-dama, irin su Glen Moray ko Tamnavulin ko Glenlivet Founder's Reserve da ba a rubuta shekaru a jiki ba, duk daga yankin Speyside na Sikotland suke kuma ba su da kaurin hayaƙin nan na wiskin Laphroaig da ke korar sabon shiga. Ya je babban kanti mai ba da rasit, ya duba lambar NAFDAC da sunan kamfanin da ya shigo da shi, ya ɗaga kwalbar a haske ya nemi ƙananan lambobin da aka buga a jikin gilashin, ya shafa takardar ko akwai gam ko karkata, ya jera kwalba biyu ya ga ko ruwan ya tsaya a layi ɗaya. In aljihu bai kai ba gara ya ɗauki gaurayayye na gaskiya kamar Black Label ko ma ya kai wa surukin nasa shadda.

Roƙona ga masu otal da mashaya su rinƙa fasa kwalba ko yage takardarta kafin a zubar, kar su bar yaran shago suna sayarwa. NAFDAC kuma ta leƙo shagunan kudancin Kaduna kafin Disamba, lokacin ne kayan suka fi shigowa. Ku kuma Malam Edita ku turo wakilinku ya zaga ya gani.

Naku,
Tsohon ma'aikacin otal, Barnawa, Kaduna